ZAUREN ƘERE-ƘERE NA AL'UMMA DA KOYON AIKIN SHA'AWA

Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya yakan tashi daga ofis da ƙarfe 4 na yamma, kuma bisa ga ƙa'idar da ta shafi akasarin ma'aikata yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ɗan makaranta yana da dogon hutu kowace shekara. Matar aure, bayan ta sallami yara ta gama aikace-aikacen gida, takan sami sa'a ɗaya ko biyu kafin lokacin ɗora tukunya. Duk wannan sarari ne, kuma yawancinsa yakan tafi wajen hira, ko kallon talabijin, ko latsa wayar hannu. Ba laifi ba ne mutum ya huta. Amma akwai mutane da yawa waɗanda, da za a tambaye su, za su ce tun suna yara suke marmarin su iya ƙera wani abu da hannunsu, kujera ce, ko riga, ko akwatin rediyo, sai dai ba su taɓa samun inda za su koya ba. Saboda irin waɗannan mutane aka shirya wannan darasi.

Mene ne aikin sha'awa?

Aikin sha'awa shi ne wanda mutum yake yi a lokacin hutunsa don jin daɗin yinsa, ba don da shi yake ci da iyalinsa ba. Akawu ya yi kafinta ran Asabar, malamar asibiti ta yi saƙa da dare, tsohon soja ya zauna yana gyaran agogo. Wannan dabam yake da koyon sana'a don neman abinci, wanda hukumomi irin su Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, da aka kafa cikin 1971, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, da aka kafa cikin 1986, suke kula da shi.

Abu biyu ne suka daɗe suna tare wa mai sha'awa hanya. Na farko tsadar kayan aiki. Ba wanda zai sayi injin walda ko keken ɗinki na lantarki don ya taɓa shi sau ɗaya a mako. Na biyu kuwa yadda aka saba koyon sana'a. A da, ƙira da jima da dukanci da rini duk gado ne, ɗan maƙeri shi ke zama maƙeri. Wanda bai gada ba sai a kai shi wurin wani gwani ya yi shekaru yana zuga masa wuta, yana yi masa aike, kafin a bar shi ya riƙe masaba. Magidanci mai shekara 45 da aikin ofis a wuyansa ba zai iya wannan bauta ba. Har wa yau akwai wata kunya marar dalili wadda ta shigo tare da ilmin boko, watau ganin cewa wanda ya riƙe alƙalami ya fi ƙarfin riƙe zarto.

Zauren ƙere-ƙere na al'umma wuri ne da aka tara kayan aiki iri-iri, daga guduma da magagari har zuwa injunan da kwamfuta ke sarrafawa, aka buɗe shi ga kowa. Mutum ya rubuta sunansa, ya biya ɗan abin da aka yanka a wata, ko kuma kyauta, a nuna masa yadda ake amfani da kayan, sa'an nan ya riƙa zuwa yana yin abin da ransa yake so. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. Wanda ya san aikin gayya a gona ba zai ga baƙon abu a nan ba, illa dai a gayya ƙarfi ake haɗawa, a nan kuwa kayan aiki da sani.

Asalin al'amarin

Cikin shekarar 1998 wani shehun malami mai suna Neil Gershenfeld, na jami'ar fasaha ta MIT a Amurka, ya buɗe wani aji don koya wa ɗalibai kaɗan yadda za su yi amfani da manyan injunan ƙira na ɗakin bincikensa. Ya yi tsammanin mutum goma ko makamancin haka. Sai ga kusan ɗari, kuma da yawansu ba ɗaliban injiniya ba ne, masu zane ne da masu nazarin gine-gine. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne irin abubuwan da suka ƙera. Wata ta yi jakar da mutum zai kurma ihu a cikinta ba a ji ba, ta adana ihun har ya sami wurin da ya dace ya sake shi. An kuma yi agogon farkarwa wanda ba ya yin shiru sai an yi kokawa da shi. Babu mai sayen waɗannan a kasuwa, kuma ba don kasuwa aka yi su ba. Amma wajen yin su ɗaliban sun koyi lantarki da yankan ƙarfe da rubuta umarnin kwamfuta da sauri ƙwarai, domin kowa abin da yake so yake bi.

Daga wannan aji ne aka fara kafa ƙananan ɗakunan ƙira a wajen jami'a, waɗanda ake kira Fab Lab. Cikin 2002 aka buɗe ɗaya a ƙauyen Pabal na ƙasar Indiya. Aka buɗe wani a Lyngen, can arewacin Norwe, inda wani makiyayi yake neman hanyar sanin inda tumakinsa suke a kan duwatsu. Na farko a Afirka shi ne na Makarantar Fasaha ta Takoradi a Ghana, cikin 2004. Yanzu sun haura 2,000 a ƙasashe fiye da 100, kuma ƙa'idarsu ta tanadi cewa lalle ne a riƙa buɗe ƙofa ga jama'a, kuma wanda ya koya ya koyar.

Ba jami'o'i kaɗai ba. A Ostareliya tun cikin shekarun 1990 dattawan da suka yi ritaya suka fara haɗuwa a rumfunan kafinta, saboda an lura cewa namiji idan ya bar aiki kaɗaici yakan kayar da shi, kuma ya fi sakin baki ya faɗi damuwarsa sa'ad da hannunsa yake kan aiki. Irin waɗannan rumfuna sun fi 1,000 a ƙasar. A birnin Amstadam na Holan wata 'yar jarida, Martine Postma, ta shirya taron gyara na farko ran 18 ga Oktoba 2009, inda kowa ya kawo abinsa da ya lalace, ya zauna tare da wanda ya iya, su gyara shi tare. Cikin 2011 kuma ɗakin karatu na garin Fayetteville a jihar Niyok ya ware ɗaki ya zuba injunan ƙira, wasu ɗakunan karatu da yawa suka bi sahu.

A nan Nijeriya an yi bikin nunin ƙere-ƙere na Afirka a Legas cikin 2012, bayan waɗanda aka yi a Akara da Nairobi da Alƙahira. A Abuja, cibiyar nazarin ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi wadda hukumar NITDA ta buɗe cikin 2020 tana da ɗakin ƙira irin wannan.

Abin da mai shiga zai tarar

Kada mai karatu ya ɗauka sai wanda ya san kwamfuta ke da wurin zama. A yawancin zaurukan, ɓangaren da ya fi cika shi ne na aikin hannu: teburin kafinta, kekunan ɗinki, kayan dukanci, saƙar kwarashi, ginin tukwane, da kusurwar walda. Amma da yake sababbin injunan su ne baƙi, su ya kamata a yi wa bayani.

Na farko shi ne injin gina siffa, wanda aka fi sani da firinta ta 3D. Duk wanda ya taɓa ganin mai ginin tukunya tana murza yumɓu kamar igiya, tana ɗora zagaye a kan zagaye har tulu ya tashi, ya riga ya fahimci aikinsa. Ana zana abin da ake so a kwamfuta. Injin yana jawo zaren roba mai kaurin milimita 1.75 daga wani ƙullutu, ya narkar da shi da zafin da ya kai kimanin digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, ya fitar da shi ta wani ɗan tsukakken baki, yana shimfiɗawa hawa bisa hawa, kowane hawa kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Robar da masu koyo suka fi amfani da ita daga sitacin masara ko rake ake yin ta. Aikin yana da nawa ƙwarai. Abu mai girman dunƙulen hannu yana iya cin sa'a huɗu ko biyar, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa sai an sake daga farko. Amfaninsa yana fitowa wajen ƙananan abubuwan da ba a sayar da su su kaɗai, kamar maɓallin murhun gas da ya fashe, ko haƙoran wata 'yar ƙafar roba a cikin injin markaɗe, waɗanda rashinsu kan sa a jefar da na'ura sukutum.

A da wannan inji sai manyan kamfanoni. Abu biyu suka karya farashinsa. Cikin 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin wani inji mai suna RepRap, ya kuma bayar da zanensa kyauta ga duk mai son kwaikwaya. Sa'an nan cikin 2009 wa'adin haƙƙin mallakar wannan dabara ya ƙare, kowa ya sami damar ƙerawa. A birnin Lome na Togo, a zauren WoeLab wanda Sénamé Koffi Agbodjinou ya kafa cikin 2012, wani mai suna Afate Gnikou ya haɗa irin wannan inji cikin 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci waɗanda ya tsinto a juji.

Na biyu shi ne injin yanka da hasken leza. Wannan yana tattara haske mai ƙarfi a ɗigo ɗaya ya bi layin da aka zana, yana yanka falankin katako marar kauri, da fata, da kwali, ko kuma ya ƙona zane a kansu. Baduku da ya zana adonsa sau ɗaya yana iya fitar da shi sau hamsin ba tare da bambanci ba.

Na uku ba inji ba ne, wani ɗan allon lantarki ne da bai kai tafin hannu ba, mai suna Arduino. An ƙirƙiro shi cikin 2005 a garin Ivrea na Italiya musamman don ɗaliban zane waɗanda ba su karanta injiniya ba. Ana haɗa shi da abin da ke jin zafi, ko haske, ko danshi, a rubuta masa umarni kaɗan, shi kuma ya kunna ko ya kashe wani abu. Alal misali, sau nawa ake ganin tankin ruwa a kan gida ya cika yana zuba har titi don an manta da famfo? Mai koyo da ya yi 'yan makonni yana iya haɗa abin da zai kashe famfon da kansa idan ruwa ya kai baki, ko da yake haɗa shi da wutar gida aikin ƙwararren mai lantarki ne.

Tsohuwar sana'a da sabon inji ba kishiyoyi ba ne. Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane irin na Gwari tun tana yarinya a wurin wata 'yar uwarta. Cikin 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane wadda Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko da ta yi haka. A can ta koyi juya tukunya a kan faifai, da shafa mata ƙyalli, da gasa ta cikin murhu mai tsananin zafi, amma ba ta bar zanenta na ƙadangare da kunama da kifi ba. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Yadda ya kamata a fara

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne zuwa da niyyar koyon kafinta gaba ɗaya, ko lantarki gaba ɗaya. Irin wannan niyya ba ta wuce mako uku. Abin da ya fi shi ne mutum ya zo da buƙata guda ɗaya ƙarama wadda take damunsa a gida. A ce wani akawu yana son kantar da zai jera littattafan 'ya'yansa. Don ya yi ta, tilas ya koyi awo, da yadda ake riƙe zarto, da dalilin da ya sa ake fara huda katako kafin a ɗaura sukuru. Kantar farko za ta karkace, kuma mai yiwuwa kuɗin katakon da ya ɓata ya fi na sayen sabuwa a kasuwa. Kada wannan ya karya masa zuciya, domin ba kanta ya je saye ba. Ta biyu za ta tsaya daidai, kafin ta uku kuwa wani sabon shiga zai riga ya tsaya a bayansa yana tambayarsa yadda aka yi.

Babban mutum yakan sha wuya wajen karɓar gyara daga wanda ya haifa. A zaure kuwa sau da yawa yaro ɗan shekara 16 shi ne ya fi kowa sanin injin, alhali dattijon da ke gefensa ya fi kowa sanin katako. Wanda ya ajiye girman ofis a bakin ƙofa shi ya fi saurin koyo.

Wajibi ne kuma a kula da mata. Zauren da ya cika da samari da ƙarar injin walda, mace ba za ta shiga ba ko da an ce ƙofa a buɗe take. Shi ya sa ya kyautu a ware musu rana ko sa'o'i, da mace mai koyarwa, kuma kada a tsare su a kan ɗinki da saƙa kaɗai idan wata ta nuna sha'awar lantarki.

Maganar haɗari

Kayan aiki ba su san mai wasa ba. Kada a bar kowa ya taɓa inji sai an gwada shi an tabbatar ya san yadda ake kashe shi. Babbar riga, da mayafi mai lilo, da carbi a wuya, duk injin da ke juyawa yana iya fizgarsu ya haɗa da mai su. Hasken walda yana ƙona ido ko da daga nesa aka kalla, kuma zafin ba ya tashi sai bayan wasu sa'o'i, yawanci da dare. Robar bututun ruwa da fatar roba irin ta kujeru, idan aka sa su a injin leza, suna fitar da hayaƙi mai guba wanda ke cin huhu yana kuma cin injin. Kada a kunna injin leza a fita, domin katako yana kama wuta. Dalmar da ake liƙa waya da ita guba ce, sai a wanke hannu kafin a ci abinci. Janareta kuwa a waje yake zama, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Abin da ke kashe zaure

A nan ne ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari su fi natsuwa. Sayen inji shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka.

Ƙasar nan ta riga ta ga misali. Sa'ad da aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4 cikin 1982, an shigo da injuna masu yawa daga ƙasashen waje don koyar da fasaha a ƙananan makarantun sakandare. Niyyar mai kyau ce. Amma a makarantu da yawa babu ɗakin da za a kafa su, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san su. Wasu suka zauna cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, wasu kuwa ɓarayi suka kwashe. Ɗaliban da aka sayo su dominsu sun gama makaranta ba su taɓa jin ƙararsu ba.

Ba kuma rashin wuta kaɗai ke jawo haka ba. A Amurka wani kamfani mai suna TechShop ya fara buɗe manyan zauruka cikin 2006, da injuna masu tsada da dubban mambobi. Cikin Nuwamba 2017 ya karye, ya rufe dukan rassansa goma na ƙasar a rana ɗaya, domin kuɗin mambobi bai iya ɗaukar haya da albashi da gyara ba.

Saboda haka garin da ke son zaure ya fara da mutane. A kowane gari akwai kafinta da ƙarfinsa ya fara raguwa, da tela, da mai gyaran rediyo, da malamin fasaha da ya yi ritaya. Kasuwar Panteka a Kaduna, da Ariariya a Aba, da kasuwar kwamfuta ta Ikeja cike suke da gwanayen da ba su da takardar shaida amma sun san aikinsu. A nemi irinsu, a girmama su, a yanka musu ɗan alawus, domin wanda ya bar shagonsa ya zo koyarwa ya yi asarar ciniki. Ɗaki kuwa ba sai an gina sabo ba. Aji ɗaya na makaranta bayan an tashi, ko gefen ɗakin karatu, ko ɗakin taro na unguwa ya isa. Kayan farko su zama waɗanda ba su bukatar wuta, kuma da yawansu suna nan kwance a gidajen mutane, sai dai a roƙa. Injin zamani ya biyo baya, bayan an san wanda zai kula da shi, da inda za a sami kayan gyaransa, da wutar da zai sha, ko ta farantin hasken rana ce da batir.

Kuɗin wata ya zama kaɗan yadda ɗan makaranta zai iya, amma kada a rasa shi sam, kuma a ware wani kashi a ajiye don gyara tun ranar farko. Haƙoran zarto suna dakushewa, allurar keke tana karyewa, bakin injin gina siffa yana toshewa, kuma idan aka jira sai an rubuta wa hukuma takarda kafin a sayi abin naira kaɗan, injin zai yi wata shida a rufe.

Sai batun mabuɗi. An sha ganin wurin da aka buɗe da biki, sa'an nan aka damƙa mabuɗin ga mutum ɗaya wanda, don tsoron kada wani abu ya ɓace a tuhume shi, ya ga ya fi masa alheri ƙofar ta zauna a kulle. Maganin wannan shi ne a sa ranaku da sa'o'in buɗewa a rubuce a jikin ƙofa, mabuɗi ya kasance a hannun mutum uku waɗanda mambobi suka zaɓa, a kuma kafa allo a bango, a zana siffar kowane abin aiki a inda ake rataye shi. Da an tashi, kallo ɗaya ya isa a ga gurbin da babu kome, a duba littafin aro a ga sunan wanda ya ɗauka.